Amsar Zaure

Bana ma bazara ta kama, manyan motoci sun fara ratsa Maiyama da lodin albasa. Shekaranjiya ina tsaye gaban ɗalibaina a ɗan shagon da nake koyar da kwamfuta, sai iska ta kwaso wari ta watsa mana ta taga. Ba warin sabuwar albasa ba mai sa hawaye, a'a, warin wadda ta fara ruwa a ƙasan buhu. Ɗaliban suka toshe hanci suna dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don darasin ranar shi ne yadda ake gina jeri a manhajar lissafi ta R, kuma jeri da warin albasa sun taɓa haɗuwa a rayuwata, haɗuwar da har yau ban huce ba.

Yanzu azumi ya ja da baya, ya bar tsakiyar bazara. A shekarar da nake magana kuwa, cikin tsakiyarta ya faɗo. Tun hantsi rana take buɗe wuta. Ruwan randa ya yi ɗumi, tabarma ta yi zafi, kaji su saki fukafukai su buɗe baki a gindin bango. Kafin azahar leɓɓa sun bushe, yawu ya yi kauri, in ka yi wa mutum sallama sai ya amsa da hannu don tattalin murya. Da la'asar hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, kowa ya ɗaga kai, sai iska ta tarwatsa shi a bar mu da gumi.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun ƙididdiga a jami'ar Aliero, aka ce mu yi aikin kammalawa mutum bibbiyu. Ban ko yi shawara ba na zaɓi Bashar. Ɗan Kawuna ne na Jega, taubashina, tare muka tashi muna tsokanar juna. Shi yana ce mini 'yar ƙauye, ni ina ce masa ɗan tasha. Ya fi ni kan kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma shi ke da laftof. Ni tawa sai dai in gani a hannun mutane. In da a lokacin wani ya ce mini in yi hattara da Bashar, da na ce masa ya je ya sha magani.

Tambayar da muka ɗauka kowa a ƙasarmu ya san ta. Lokacin cirar albasa kasuwa cika take yi, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mai haƙuri sai ya zuba tasa a rudu, wato gadon itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a yi masa jinka, iska na shiga ta ƙasa, ya jira damina ta yi nisa albasa ta yi daraja. Wani tasa takan kai, wani kuwa kafin ruwan fari ta zama kunu. Me ya raba su? Shi muke son mu gano. Muka zaɓi ƙauyuka biyu, Gehuru da Kashin Zama, muka dinga bin su a bayan kabu-kabu, rana na dukan mu.

Makon farko Bashar ne ke tambaya, ni ina rubutawa. A shimfiɗa mana tabarma a zaure, maigida ya fito, a gaisa har gaisuwa ta ƙare a sake sabuwa. Sannan Bashar ya ce, "Baba, ya albasa bana?"

"Alhamdulillahi."

"Ba ta taɓa ruɓa ba?"

"Sai godiya."

"Kamar kashi nawa za a ce ta lalace?"

"To, abin da Allah Ya ba bawa, shi na nashi."

Gida bayan gida, amsa ɗaya. Muka koma Aliero da takardu cike da godiya. Bashar ya ce in muka zuba wannan a kwamfuta, sakamakon da za ta ba mu shi ne mutanen Kashin Zama duk 'yan aljanna ne. Ban ga laifin mutanen ba. Namiji ba ya zama a zaurensa ya gaya wa baƙo cewa rudunsa na ruwa, don magana ƙafa gare ta, kafin ta kwana ta isa kunnen dillali, dillali kuwa in ya ji ƙanshin matsuwa ba ya tayi sai na wulaƙanci.

Inna Ige ce ta buɗe mini ƙofa. Ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, kuma a gidanta nake sauka in mun je Kashin Zama. Tsohuwa ce 'yar firit, mai kaifin ido da kaifin baki. Ɗanta na fari, Malam Sani, shi ke riƙe da gidan, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai gidan ga. Wata safiya ta ji ina ƙorafin amsar zaure, ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ke Luba, wa yac ce maki maza sun san albasa? Su dai su shuka su cire. Mu ad da tsinta. Zaka nan ki gani."

Ta ja ni gidan maƙwabta, ta ƙofar baya. Matan gidan na tsugune gindin rudu tun kafin rana ta yi zafi, suna juya albasa ɗaya bayan ɗaya, suna latsa wuyanta da babban yatsa, mai laushi a jefa ta kwando. Kwandon ya kusa cika. Maigidan nan jiya-jiya ya ce mana sai godiya.

Daga ranar aiki ya rabu biyu. Bashar a zaure, ni a ciki. In cire takalmi in tsuguna tare da su, in taya su tsinta, hannuna ya yi ta wari har buɗa-baki. Su suka gaya mini yaushe aka daina ban ruwa kafin cira, wane ya zabga takin zamani don albasa ta yi girma, wane ya bar ta ta sha iska a gona, wane ya kwashe ta da ɗanyen wuya. Suna yankan lawashi, suna daka shi suna dunƙula gabu su shanya, suna ba ni labari. Wasu labaran ma ba na albasa ba ne. Ban taɓa shiga gida ba tare da Inna Ige ta yi mini gaba ba, kuma a kowane gida kalma ɗaya take faɗa: "Ɗiyata ta, ku hwaɗa mata, babu inda za ya je."

Matsala ta taso da muka zo zuba bayanan. Mun saba da jadawali, mai layi-layi da gurbi-gurbi, inda kowane gida dole ya zama daidai da ɗan'uwansa. Gidajen kuwa sun ƙi zama daidai. Wani gida rudu ɗaya ne, wani gandu ne, uba da 'ya'yansa kowa da nasa rudun a cikin na gida. Wani amsarsa lamba ce, wani amsarsa zance ne mai tsawo. In na matsa su cikin jadawali sai rabin gaskiyar ta zube. Na yini ina fama a gindin wata bishiyar dogon yaro, ga ƙishirwa, ga laftof ta yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, ga jan rubutun kuskure na ta fito mini. Saura kaɗan in yi kuka.

Bashar ya karɓa ya ce, "'Yar ƙauye, ba a zuba kayan kasuwa cikin kwalin ƙwai. Kwando aka nema."

Shi ya koya mini abin da masu R ke kira list, mu muke ce masa jeri. Jeri ba ruwansa da daidaito. Ka sa lamba, ka sa zance, ka sa jadawali guda, har ka sa wani jerin a cikinsa, kowanne a ƙullinsa da sunansa. Muka mai da kowane gida jeri, muka sa masa ƙulli biyu. Na farko muka ba shi suna zaure, muka zuba amsar maigida. Na biyu muka ce masa ciki, muka zuba abin da mata suka faɗa. Gandu kuwa, sai muka sa jerin 'ya'ya a cikin jerin uba, kamar yadda suke zaune a gidan. Ya nuna mini in na kira gida da baka mai kusurwa guda ɗaya, za a miƙo mini ƙullin a ɗaure. In na ninka bakan biyu, za a kwance shi in ga abin da ke ciki. Ya nuna mini umarnin da ke bin gida-gida shi kaɗai, ya ɗauko abu ɗaya daga kowanne ya jera mini. Ranar da na fara yin sa da kaina, na ga duk gidajen Gehuru sun amsa mini a lokaci guda, na manta da azumi na yi ihu har masu wucewa suka waiwayo.

Akwai kuma abin da ya nanata mini. Ya ce, "Kullum kahin ki taɓa jeri, ki yi mai tagwai. Ki ba shi wani suna kawai, layi guda na. Duk abin da kinka goge ga ɗaya, ɗayan na nan lahiya lau." Na riƙe wannan da kyau, na gode masa.

Azumi ya raba tsakiya, zafi ya ƙaru. A gidan Inna Ige na lura kunun buɗa-baki na ta tsinkewa, ƙosai ya daina zuwa, tuwon dare ya koma na yara da Hajo, matar Malam Sani, wadda ke da tsohon ciki. Inna kan ce ita tsufa ya hana ta cin abu mai nauyi. Albasarsu kuwa babu irinta a garin. Ka latsa wuyanta ka ji shi ƙam, ɓawon na ƙara a hannu. Kwandon tsintarsu ko gindinsa ba ya rufuwa.

Wata la'asar muna dakan gabu mu biyu, ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Luba, rumbu ya kai ƙasa."

Na ajiye tawa ni ma.

"Geron bara bai yi ba, kin sani. Abin da yar rage, in mun ja shi da dabara, shina kai mu ruwan fari. Daga nan sai abin da Allah Yay yi. Mai gidan ga ya ce ko za mu ci ganye, ba ya buɗe rudu sai albasa ta yi daraja, don ita ɗai ta ka hisshe mu bana. Ko ƙannenai ba su sani ba."

Na san gidaje da yawa ba ruɓa ke sa su sayarwa da wuri ba, yunwa ce, kuma in ban sa wannan a lissafi ba zan ɗora wa albasa laifin da ba nata ba. Don haka na tambaye ta ko in sa a cikin aikin.

Ta harari jakar laftof da ke rataye. "Abin ga naku, shina da baki?"

Na yi dariya na ce, "Ba ya da baki, Inna."

"To sa. Amma ban da suna, kin jiya? In maganag ga ta hita, mai gidan ga ba ya ƙara ɗaga kai cikin garin ga."

Na yi mata alkawari. Kuma ban yi wasa da shi ba. Washegari na samu Bashar a gindin dogon yaron nan na ce kafin malaminmu ko wani mahaluki ya ga aikin, a cire sunayen gidaje duka, a bar lambobi. Ya ce daidai ne. A gabana ya rubuta layin, ya sa wa sunayen NULL, kalmar da in aka ɗora ta a kan abu a jeri sai ya ɓace kamar ba a taɓa sa shi ba. Ya danna, ya juyo mini da fuskar laftof. Babu Sani, babu kowa, sai gida na ɗaya, gida na biyu. Takardun da na rubuta da hannu kuwa, a murhun Mamata suka ƙare.

Sai na tuna darasinsa. Na ce, "Bashar, tagwai hwa?"

Ya ce, "Babu."

"Ka tabbata?"

Ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi babu, Luba. Da azumi ga bakina."

Me zan ƙara tambaya bayan wannan? Ɗan'uwana ne, ga rantsuwa, ga azumi.

Bayan salla da 'yan kwanaki amsar da muke nema ta fito. Na bi ƙullin ciki gida-gida, sai ga abin a fili: waɗanda suka yanke ban ruwa da wuri, suka bar wuyan albasa ya bushe kafin su kwashe, kuma ba su cika mata taki ba, su ne tasu ke jurewa. Abin da gidan Inna Ige ke yi ke nan tun kaka da kakanni ba tare da sun ba shi suna ba. Murna ta hana ni zama. Na sayi sabulu da ɗan sukari, na hau kabu-kabu sai Kashin Zama, ina ta shirya yadda za mu bi gidajen ni da Inna mu gaya wa matan, tun da su suka ba da, su ya kamata su fara ci.

Ina isa na tarar da babbar mota a bakin gari. Ba abin mamaki ba ne a lokacin albasa, sai dai wannan ba wofi ta zo ba, da buhunan gero ta zo. Mutanen gari suka ce ta Alhaji Mani ce, wani babban mai sayen albasa a Jega. Wakilinsa, wani ƙaton mutum mai jar hula, yana tafe a gaba yana duba waya, motar na bin sa a hankali.

Na tsaya a ƙofar gidan Inna ina kallo. Ya wuce gida biyu bai ko kalle su ba, ya tsaya a na uku. Ya tsallake wani layi guda, ya shiga lungu ya yi sallama a wani gidan. Na fara ƙirga gidajen. A zaure duk gidajen nan amsa ɗaya suka bayar. Babu yadda za a yi baƙo ya san wanda zai tsallake da wanda zai tsaya wa. Amma ni na sani. Inda albasa ke ruwa, da inda hatsi ya ƙare, nan kaɗai yake tsayawa. Ƙullin ciki yake bi, gida-gida.

Sai ga motar a ƙofarmu. Malam Sani ya fito, yara da manya sun taru kamar yadda ake taruwa in mota ta shigo ƙauye. Wakilin bai jira an shiga zaure ba. Ya sa aka sauke buhunan gero a tsakiyar hanya, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Alhaji ya ce a gaishe ka, Malam Sani. Ya ji rumbu ya kai ƙasa, ga kuma iyali na da tsohon ciki. Ya ce Musulmi ba ya barin ɗan'uwanai cikin wanga hali. Ga hatsi, a ba mu abin da ag ga rudu, kowa ya huta."

Ƙannen Malam Sani biyu na cikin taron, suka dubi yayansu, suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tsaya, gumi na bin gemunsa, yana kallon buhunan. In ya ƙi, gobe gari ya ce ya fifita riba a kan mai ciki da yara. In ya ce ƙarya ne, ƙarya ya yi a gaban mutane. Kuma tun da an riga an ji, babu dillalin da zai ƙara yi masa tayin mutunci. Daga ƙarshe ya ce a buɗe rudu.

Muna tsakar gida muna ji ana loda albasar. Ƙarar ɓawonta kawai ta isa ta gaya maka babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Da motar ta tashi Malam Sani ya shigo. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa yah hidda maganar gidan ga?"

Hajo ta fashe da kuka tana rantsuwa. Na buɗe baki zan yi magana, Inna Ige ta riga ni.

"Ni ta. Ƙyale yarinya."

Ya dubi mahaifiyarsa, ya juya ya fita. Inna ta ɗauki tsintsiya ta fara share ɓawon da iska ta shigo da shi. Na matsa kusa da ita ina ce mata wallahi an cire sunaye, a gabana aka cire. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ashe shina da baki."

Sabulun da sukarin a jakata suka koma Maiyama.

Washegari na dira Jega. Ban sha wahalar neman Bashar ba, Kawu da kansa ya gaya mini da murna cewa ɗan'uwana ya samu aiki tun kafin ya gama karatu, yana riƙe wa Alhaji Mani lissafi. Na same shi a wani shago bayan kasuwa, fanka na kaɗa shi, laftof ɗin nan a gabansa, lemo mai sanyi a gefe. Ya gan ni ya washe baki.

"A'a, 'yar ƙauye, yau a birni?"

Na ce, "Ka yi tagwai."

Murmushin ya ragu, amma bai ko musa ba. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce in duba abin da idon basira. Masu ruɓaɓɓiyar albasa, da Alhaji bai saya ba, da asara za su yi gaba ɗaya. Masu yunwa kuwa an kai musu hatsi har ƙofa. Wa aka zalunta? Kasuwa ce, kowa da abin da yake sayarwa, shi kuma abin da yake da shi ke nan.

Na ce, "Ba naka ba na. Ba nawa ba na. Amanar mata ta, sun ba ni don Inna ta ce ni ɗiyarta ta."

"To ai ba a kashe kowa ba."

"Ka rantse, Bashar. Da azumi ga bakinka."

Ya gyara zama, ya kurɓi lemonsa. "Wannan kam kar ki damu. Na yi kaffara tun kahin salla."

Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Wato tun yana ɗaga yatsan nan ya riga ya san kuɗin rantsuwar, ya ga bai fi ƙarfinsa ba. Na tsaya ina kallon mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya, wanda ya koya mini aikin da nake ci da shi har yau, na rasa ta inda zan fara tsanarsa. Na fita ban yi masa sallama ba.

A gida Mama ta ce albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, don yayanta Kawu ba haka yake ba. Amma ta ce zumunci ya fi ƙarfin fushi, kada in kuskura maganar ta kai kunnen Kawu. Ban kai ba. Aikin ma da sunayenmu biyu aka miƙa shi, aka yaba, aka ba mu maki iri ɗaya. Har yau in mun haɗu a biki ko suna muna gaisawa. Yakan gwada ce mini 'yar ƙauye, ni kuwa in ce masa, "Lafiya lau, Malam Bashar."

Ruwan fari ya sauka bayan makonni, da iska da ƙanshin ƙasa, aka fita shuka. Damina ta yi nisa, albasa ta yi daraja yadda Malam Sani ya hango, sai dai tasa tana ɗakin ajiyar Alhaji a Jega. Geron da aka sauke a hanya bai kai su kaka ba. Na ji a bakin mutane cewa gidan sun ci tafasa da rama har sabon hatsi ya nuna, kuma sunan jaririn Hajo ƙannensa ne suka haɗa ragon. Malam Sani ya daina zaman majalisa. Matan Kashin Zama da na Gehuru kuwa, labari ya zaga su duka. Abin da na gano a kan ban ruwa da wuyan albasa, wanda don shi suka buɗe mini cikinsu, ban samu kunnen da zan zuba shi ba. Na gwada sau ɗaya a Gehuru, matar gidan ta saurare ni har na gama, ta ce Allah Ya ba da lada, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ban daina zuwa gaida Inna Ige ba. Kowace shekara nakan je, kuma jiya, saboda warin nan da ya shigo mana aji, na rufe shago da wuri na hau kabu-kabu. Hanyar ta fi da kyau, wasu rudun ma yanzu da kwano aka rufe su maimakon jinka. Na yi sallama a ƙofar gidan. A da ko sallamar ba na ƙarasawa nake kutsa kai, in tarar da ita gindin turmi. Jiya, kamar kowace shekara tun daga waccan, Hajo ce ta fito da tabarma ta shimfiɗa mini a zaure, ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, irin na baƙi.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta ƙara ƙanƙancewa, idon ne kawai bai tsufa ba. Ta zauna nesa kaɗan, ta tambayi Mama, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Ta sa mini albarka da na ajiye mata goro. Babu abin da ta rage mini na mutunci.

Iska ta taso daga cikin gida ta ratso zauren, ta kawo warin nan. Na san shi, na san daga ƙasan rudu yake, na san bana an kwashe ta da ɗanyen wuya, na kuma san in an juya ta an tsince a cikin makon nan za a tsira da fiye da rabi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in cire takalmi in shiga.

Na ce, "Inna, ya albasa bana?"

Ta dube ni ido cikin ido, ta gyara lulluɓinta.

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Sai godiya."